La'ada ba tare da lamuni ba: koken mai sayarwa a kasuwannin intanet

Duk lokacin da aka tayar da zancen cinikayya ta intanet a ƙasar nan, muryar mai saye ce take fitowa fili: wanda ya yi odar shadda aka kawo masa yadin da bai kai rabin darajarta ba, ko wadda ta biya kuɗin leshi sannan mai shagon ya toshe lambarta. Waɗannan koke-koke gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar rage musu nauyi. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika sauraronsa ba, wato mu da muke zuba jarinmu mu ɗora kaya a kan waɗannan dandali, mu biya la'ada a kan kowane ciniki, sannan idan abu ya lalace a tsakani a bar mu da asarar mu kaɗai. Sana'ata sayar da atamfa da shadda da leshi ce a Kano, kuma na daɗe ina haɗa cinikin shago da na waya, saboda haka abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da ya same ni da kuma abin da nake ji daga abokan sana'a idan kasuwa ta lafa bayan la'asar. Inda na kawo abin da ya same ni ba zan kama sunan kamfani ba, domin halayen da nake kuka da su ba na kamfani ɗaya ba ne.

Kasuwannin nan ba iri ɗaya ba ne. Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a Legas a 2012, suna tsayawa ne tsakanin mai saye da mai sayarwa: su karɓi oda, su kai kaya, su karɓi kuɗi, su cire nasu, su turo ragowar. Jiji, wadda ta fara a 2014 kuma ta karɓe harkokin OLX, wani shafin talla irinta, a Najeriya a 2019, allon talla ce, tana haɗa ka da mai nema ne kawai, sauran ciniki kuwa tsakaninku ne. Sai kuma Facebook da Instagram da WhatsApp da TikTok, waɗanda ba don ciniki aka gina su ba tun asali, amma a nan Arewa a cikinsu ne harkar ta fi gudana, musamman a hannun mata masu sayar da turaren wuta da humra da abaya da kayan kicin daga cikin gidajensu. Ba zan yi butulci ba, waɗannan hanyoyi sun buɗe mana ƙofa. A da, ƙaramin ɗan kasuwa irina kwastomominsa su ne masu ratsowa ta layinsa, da waɗanda 'yan kayi-nayi suka jawo bayan sun ɗora nasu a kan farashi, amma yanzu na sayar wa mutanen Fatakwal da Kalaba da Ilori waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Saboda harkar tana da amfani ne ma ya sa nake son a gyara ta.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne tsarin biya bayan an kawo kaya. Dalilin ƙirƙiro shi a bayyane yake, domin lokacin da kamfanonin suka fara aiki mutane ba su yarda su saka lambar katinsu na banki a intanet ba, kuma babu wanda yake son biyan kuɗin abin da bai gani ba. Tsarin ya jawo masu saye, amma a duba yadda yake kasancewa daga ɓangarenmu. Mai saye ya danna oda ba tare da ko sisinsa ya fita ba, ni kuwa daga wannan lokaci wa'adi ya hau kaina: dole in ware turmin daga cikin kayan shago, in naɗe shi, in manna takardar oda, in kai shi wurin tattara kaya kafin lokacin da aka yanka mini ya cika, in ba haka ba a ci ni tara ko a rage mini maki. Kayan su kama hanyar Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Mai kai kaya ya isa unguwar ya kira, sai ya tarar da waya a kashe, ko a ce masa an yi tafiya, ko albashi bai shigo ba, ko launin bai yi daidai da na hoto ba, alhali kowa ya san launin atamfa a fuskar waya ya danganta da hasken wayar. Akwai ma masu yin odar abu ɗaya daga shaguna biyu ko uku, su karɓi wanda ya riga isowa su kori sauran, kuma babu abin da zai same su.

Dawowar kayan ita ce babbar masifar. Turmin da ya fita daga hannuna yana sheƙi zai yi makonni yana yawo tsakanin rumbunan ajiya, ya dawo leda a yage, gefensa ya sha datti, ko shadda ta yamutse ta rasa ninkinta na kamfani, wanda shi ne abin da mai saye yake fara dubawa. Idan kayan salla ne, sukan dawo bayan an sauko daga idi, lokacin da yayinsu ya wuce kuma babu makawa sai sun yi kwantai ko an karyar da su ƙasa da kuɗin sari. Mafi muni shi ne musanya. Ya taɓa faruwa da ni, kuma ba ni kaɗai ba, cewa na aika shadda ta asali aka dawo mini da jabu a cikin ledar tawa da tambarina, kuma da na kai ƙara sai aka nemi in kawo hujjar cewa abin da na aika ba shi ne aka dawo da shi ba, alhali kayan sun bar hannuna, sun bi ta hannun ma'aikatan ajiya da direba da mai kai kaya da mai saye, waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ni na ɗauke shi aiki. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma kuɗin jigila ya bi ta a baya, ta yadda oda ɗaya da aka ƙi karɓa takan cinye ribar ciniki da dama da suka yi kyau.

Kamfanonin ma sun san nauyin wannan tsari. A 2017 aka kashe wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal bayan an yi odar wayoyi da nufin ƙwace su, kuma a ƙarshen shekarar Konga ta dakatar da biya bayan an kawo kaya, amma da kamfanin Zinox ya saye ta a 2018 sai aka dawo da tsarin, saboda masu saye sun saba da shi. A ganina ba sai an soke shi gaba ɗaya ba. Abin da ake buƙata tsohon abu ne da kowane tela da kafinta suka sani, wato kafin alƙalami. Mai saye ya biya kuɗin jigila tun lokacin oda, idan kaya sun zo da aibi ko ba su ne ya nema ba a mayar masa da kuɗinsa a cire daga wurina, idan kuwa ya fasa ne don ra'ayin kansa to kuɗin motar ya tafi. Haka kuma, tunda ana ba mu maki ana kuma nuna wa duniya yawan odar da muka soke, adalci ne a riƙa lissafa wa mai saye yawan kayan da ya ƙi karɓa, wanda ya maimaita a rufe masa ƙofar biya daga baya. Game da musanya kuwa, a buɗe kaya a gaban ma'aikacin da ya karɓa daga hannuna, a ɗauki hoto, a liƙe da hatimin kamfani, daga nan duk abin da ya same su a wuyan wanda yake riƙe da su yake. Kasuwar Taobao ta ƙasar Sin ta samu yardar jama'a ne tun daga 2003 ta hanyar tsarin da ya zama Alipay, inda mai saye yake biya tun farko amma a riƙe kuɗin a tsakiya, ba a sakar wa mai sayarwa sai kaya sun isa. Mai saye bai yi kasada ba, mai sayarwa kuma ya san da gaske ake kafin ya naɗe kayansa.

Sai batun riƙe kuɗi. Ribar ɗan kasuwa a juya jari take, kuma a Kantin Kwari mutum yakan sayar da safe ya koma wurin dila da yamma ya sake sari da kuɗin. A kasuwar intanet kuwa, sai kaya sun isa, sai wa'adin mayarwa ya cika, sai kuma ranar biyan da kamfani ya tsara wa kansa ta zagayo, sannan kuɗi su shigo asusu. A lokacin da farashi yake zaune ana iya jure wannan jira, amma shekarun nan ba haka suke ba. A watan Mayu 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mafi yawan abin da muke sayarwa daga waje yake shigowa, da dala ake yanka masa farashi. A tsakiyar wannan rikici na sha sayar da turmi da riba a takarda, amma ranar da kuɗin suka iso hannuna ba su isa in sayo irinsa ba. Kuɗin kuwa duk tsawon kwanakin suna kwance a asusun kamfani, ni ne nake ɗaukar faɗuwar darajarsu.

Idan kuɗin sun zo ma, fahimtar abin da aka cire aiki ne mai zaman kansa. Akwai la'adar ciniki, akwai kason jigila, akwai kuɗin ajiya ga wanda ya bar kaya a rumbunsu, akwai tara iri-iri, sannan harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairu 2020, ya hau kan wasu daga ciki. Ba na ƙin biyan la'ada, domin wanda ya kawo maka ciniki ya cancanci haƙƙinsa. Abin da nake ƙi shi ne in yanka farashi bisa wani lissafi, in wayi gari an sauya lissafin ta hanyar saƙon imel da Turanci wanda ya shige cikin tarin saƙonnin talla. Wannan kuka ba namu ba ne mu kaɗai. A watan Afrilu 2022 dubban masu sayarwa a kasuwar Etsy ta Amurka sun rufe shagunansu na mako guda saboda an ɗaga kuɗin ciniki daga kashi 5 zuwa kashi 6.5 cikin ɗari. Kamfanin bai janye ƙarin ba, amma aƙalla an ji muryarsu. Gyaran nan ba shi da wuya: a saki kuɗi washegarin cikar wa'adin mayarwa, a rage wa'adin jira ga wanda ya daɗe bai samu ƙorafi ba, kuma kowace oda ta zo da lissafinta a layi ɗaya, ga abin da mai saye ya biya, ga abin da aka cire da dalilinsa, ga abin da ya rage.

Tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma idan aka auna waɗannan kamfanoni da dillalan da muka gada sai a ga inda suka gaza. A karar shanu ta Wudil ko Maigatari ko Potiskum, dillali yana karɓar la'adarsa, amma idan saniyar da ya sayar ta zama ta sata, shi za a fara kamawa, domin shi ya tsaya wa wanda ya kawo ta. A fataucin goro da shanu zuwa Kudu, a wurare irin su Sabo ta Ibadan da Agege, fatoma shi yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, kuma idan aka ba mahauci shanu bashi ta hannunsa mahaucin ya gudu, daga aljihunsa zai biya, in ba haka ba fatake su ƙaurace wa gidansa. La'adar tasa kuɗin lamunin da ya ɗauka ce. Malaman fiƙihu ma suna da ƙa'idar cewa mai cin moriyar abu shi ne mai ɗaukar lamuninsa. Kamfanin intanet yana karɓar la'adar dillali, yana ajiyar kaya irin ta fatoma, yana kuma yanke hukunci tsakanin mutane kamar sarkin kasuwa, amma a cikin sharuɗɗan da muke danna amincewa da su ba tare da mun karanta ba ya riga ya wanke kansa daga kusan kowace asara.

Wannan rashin lamuni ya fi fitowa fili ranar da aka rufe wa mutum shago. Na taɓa wayar gari na tarar an dakatar da asusuna a wani dandali, da saƙon da bai wuce layi biyu ba cewa na saɓa wa ƙa'ida, ba a faɗi wace ƙa'ida ba, ba a faɗi a kan wace oda ba, kuma kuɗin cinikin da na riga na yi suna ciki. Na rubuta ƙara, na'ura ta amsa mini da lambar ƙorafi. Na sake rubutawa, aka sake turo amsar farko kalma da kalma. Na kira lambar da aka bayar, wadda ta ɗauka ta yi mini magana cikin ladabi amma ba ta da ikon duba fayil ɗina balle ta buɗe shi. Daga baya aka buɗe asusun ba tare da bayani ba, kamar yadda aka rufe shi ba tare da bayani ba, sai dai kayana da suke fitowa a shafin farko sun gangara can ƙasa. A kasuwa, ko shugaban layi ba zai garƙame maka shago ba tare da ya kira ka ya faɗa maka laifinka a gaban shaidu ba.

Tarayyar Turai ta ga irin wannan matsala ta kafa doka a 2019, wadda ta fara aiki a watan Yuli 2020. Dokar ta wajabta wa kasuwannin intanet su sanar da masu sayarwa aƙalla kwana 15 kafin sauya sharuɗɗa, su bayyana dalili a rubuce idan sun dakatar da mutum, su ba da sanarwar kwana 30 kafin su kore shi baki ɗaya in ban da wasu yanayi na musamman, su kafa hanyar sauraron ƙorafi, kuma su bayyana manyan abubuwan da suke sa kayan wani su fito sama da na wani. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kamfanin da yake aiki a Najeriya, kuma ba sai ya jira majalisa ta tilasta masa ba. Zan ƙara da abin da ya shafe mu musamman, wato harshe da wuri. Manyan 'yan kasuwar Kwari da Singa da Ƙofar Wambai, waɗanda suke da kayan da kamfanonin nan suke nema ido rufe, da yawansu da Hausa suke lissafi da ciniki, shi ya sa suke barin harkar a hannun yaran shago ko su ƙi ta gaba ɗaya. Kamfanin da ya fassara shafin masu sayarwa zuwa Hausa mai kyau, ya kuma ajiye ma'aikaci mai ikon yanke hukunci a wani ɗan ofis cikin kasuwa, inda mutum zai taka ya je ya zauna a gabansa, zai samu shaguna fiye da abin da tallan rediyo zai kawo masa.

Batun jabu da satar hoto ma yana nan. Na ɗauki hoton shaddata a cikin shagona, bayan ɗan lokaci na gan shi a shafin wani yana tallan kwaikwayonta a kan kuɗin da bai kai na sarin ta asali ba, kuma tunda manhajar ta fi son mai araha da mai biyan kuɗin talla, nasa ne a sama. Mai saye ya karɓi jabun ya ji haushi, ya ɗauka duk masu shadda a intanet haka suke. Ga kuma lokacin rangwamen Nuwamba, inda ake matsa wa mai sayarwa ya karya farashi idan yana son a gan shi, alhali ribar turmi tun farko ba ta taka kara ta karya ba. Tun da Temu, kasuwar intanet mai kawo kaya daga ƙasar Sin, ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024 gasar ta ƙara tsanani, domin yanzu masana'antar da dilanmu yake sari daga wurinta tana iya kai kaya har ƙofar gidan kwastomanmu. Wannan ba abin da za a iya hanawa ba ne, amma ana iya bambance mai kayan asali da alama ta musamman bayan an tantance shi, a kuma sauke hoton sata cikin kwana ɗaya idan mai shi ya nuna na asali.

Saboda duk waɗannan ne mutane da yawa suka tattara suka koma WhatsApp da Instagram, inda babu la'ada kuma kuɗi suna shigowa kafin kaya su fita. Can ma ba a tsira ba. Akwai alat na bogi, wanda ya yi yawa musamman a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sa'ad da turansifa ta gaskiya ma takan yi sa'o'i ba ta shigo ba, mai damfara ya fake da hakan ya ce matsalar banki ce. Akwai masu ƙwace shafi su riƙa karɓar kuɗin kwastomominka da sunanka, kuma neman a dawo maka da shi ya fi neman buɗe asusun kasuwa wahala. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kusan sa'o'i shida, a shekarar ce kuma aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, duk wanda shagonsa yake cikin waya a waɗannan wurare ya zauna babu ciniki. Matar da take sana'a daga cikin gida ita ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin ba ta da shagon da za ta nuna a yarda da ita, kuma ba ta da ƙungiyar da za ta tsaya mata idan an cuce ta.

Abin mamaki shi ne, a wannan ɓangaren, hanyar aika kaya da ta fi aminci ita ce ta tasha. In kai kaya Unguwa Uku ko tashar manyan motocin Kudu da ke Sabon Gari, in ba direba ko ofishin saƙo, in tura wa mai saye lambarsa, washegari ko jibi kaya sun isa, kuma idan sun ɓace na san wurin wanda zan je. Ta wannan hanya ce kaya suke isa Maraɗi da Damagaram, inda muke da kwastomomi na gaske waɗanda manyan kasuwannin intanet na Najeriya ba sa kai wa kaya. Kamfanonin suna kashe kuɗi suna neman gidan da ba shi da lamba a unguwar da kwatancenta shi ne bayan masallacin Juma'a kusa da mai shayi, alhali da sun yawaita wuraren karɓar kaya a tashoshi da shagunan unguwa da aka sani, da kuɗin jigila ya ragu, da ƙin karɓar kaya ma ya ragu, domin wanda ya tako da ƙafarsa ya zo karɓa da wuya ya ce ya fasa.

Gaskiya ɗaya ce, a cikinmu masu sayarwa akwai waɗanda suka jawo wannan tsanani, masu ɗora hoton wani abu su aika wani, da masu karɓar oda a kan kayan da ba su da shi. Kamfani yana da haƙƙin kare masu saye daga irinsu. Kuskurensa shi ne yana tantance mu da takardu kawai, katin ɗan ƙasa da rajistar kamfani, waɗanda ɗan damfara ma yana iya mallaka, yana barin shaidar da ta fi ƙarfi, wato ta ƙungiyoyin kasuwa waɗanda suka san wane ne mai shago, tun yaushe yake wurin, kuma wa ya taɓa kai ƙararsa. Ƙungiyoyin namu ma ya kamata su farka, domin har yanzu suna ɗaukar cinikin waya a matsayin harkar yara. Hukumar FCCPC ta tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda aka kafa da dokar da aka sanya wa hannu a farkon 2019, aikinta bai tsaya kan kare masu saye ba, ya haɗa da hana babban kamfani amfani da ƙarfinsa wajen danne ƙanana, kuma tarar dala miliyan 220 da ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, a watan Yuli 2024 ta nuna tana iya tunkarar manya. Amma hukuma ba ta aiki da hirar bakin shago. Abin da ya kamata shi ne ƙungiya ta buɗe littafi, duk wanda aka dawo masa da kaya a lalace ko aka riƙe masa kuɗi ko aka rufe masa asusu ya rubuta lambar oda da kwanan wata da adadin asara, ya haɗa da hoto. Idan littafin ya cika, shugabanni su fara neman zama da kamfanonin kafin su je gaban hukuma, kuma buƙata ta farko da zan so a ɗora a kan tebur ita ce a daina cajin mai sayarwa kuɗin dawowar kayan da mai saye ya ƙi karɓa alhali ba su da aibi.